Bokis yana falo, kwamfuta tana ƙarshen gida: kabul, wifi ko CPL?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar masu sani. Ina da kwamfutar tebur a ɗakina, da ita nake buga wa mutane takardu, ina cike musu fom ta intanet, da dare kuma in bi darasin bidiyo. Bokis ɗin 4G na gidanmu yana falon Baba, ɗakina kuwa yana can bakin zaure. Tsakaninmu zai kai mita 20, ga bango uku. Na sayi ƴar ƙaramar kle wifi, wato abin kama wifi na USB, na soka a bayan kwamfutar, sanda biyu take nunawa, wani lokaci ɗaya, in ana kiran bidiyo sai hoto ya daskare. Wani abokina ya ce in sayi CPL, na'urar nan da ake sokawa a priz ta tura intanet ta cikin wayar kuran. Wani kuma ya ce repiter, na'urar da ke kama wifi ta maimaita shi gaba. Baba ya riga ya ce ba wanda zai huda masa bango. Mi ya fi?

Mai Sibar: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kar ka fidda ko dala tukuna. Hanya biyu intanet ke bi kafin ya iso gare ka: daga antenar kamfani zuwa bokis, sannan daga bokis zuwa kwamfutarka. Da CPL da repiter da kabul, duk ta biyun kaɗai suke gyarawa. In ta farkon ce ba lafiya, kome ka saya haka za ka ci gaba da fama. Ɗauki salularka ka tsaya gab da bokis, ka buɗe fast.com ko Speedtest masu auna gudun intanet, ka rubuta abin da ya ba ka. Ka koma ɗakinka ka maimaita da salular, sannan da kwamfutar. Ka yi da safe, ka sake yi bayan isha'i lokacin da kowa ya hau reso. Ka kawo mana lambobin.

Na Ali Ɗan Sofo: Ni dai CPL nake amfani da ita kuma ban taɓa nadama ba. Ruta, wato bokis ɗin intanet ɗina, tana ƙasa, ofishina yana saman bene, dal ɗin kankare ya hana wifi hawa kwata-kwata. Na soka ɗaya kusa da ruta, ɗaya kusa da kwamfuta, na danna maɓallin haɗi a jikin kowace, shi ke nan. Ba guduma, ba ƙusa, ba rigima da mai gida. Tunda Baba ya hana huda bango ai magana ta ƙare.

Mai Gyaran Kuran: Alhaji, gidanka sabon gini ne, wayoyinsa a cikin bututu suke, kowane layi da disjonkter ɗinsa. Ba haka gidajen unguwannin Bagalam da Mokoyo da Maradawa na nan Maraɗi suke ba, ni nake shiga silin ɗinsu. Yaro, amsa mini waɗannan. Kontar nawa ne a gidanku? In ɗakinka da falon Baba ba kan kontar ɗaya suke ba, manta da CPL. In ɗaya ne, monofaze ne ko trifaze? Gidan trifaze, in priz biyun suka faɗa kan faz daban-daban, sigina na raunana sosai, wani lokaci ma ba ya ƙetarawa. Na uku, ɗakin naka tare aka gina shi da gidan, ko daga baya aka ƙara aka jawo masa wuta?

Ɗan Bagalam: Kontar ɗaya ne Kawu, monofaze. Amma ɗakin daga baya aka yi shi, daga kicin ɗin Inna aka jawo wutar.

Mai Gyaran Kuran: To ka ji. Irin wannan jan wuta na san shi: siririyar waya, an murɗa ta da hannu an naɗe da sikoc, ta bi ta ƙarƙashin kwano rana na dukanta shekara da shekaru. Kwan fitila da fanka ba ruwansu, za su yi aiki. Amma CPL ba kuran ɗin 220 ɗin take ji ba, wata ƴar siririyar sigina take ɗorawa a kansa, daga wajen mega hertz 2 zuwa 30 ga tsofaffin, sababbin AV2 har 86. Duk inda mahaɗa ta yi tsatsa ko ta saki, wani abu ya zube a nan.

Na Ali Ɗan Sofo: Malam, kar mu tsorata yaro da abin da ba a gwada ba. Tawa AV600 ce, gudun mega ɗari shida aka rubuta a kwali. Ko rabi ya zube ai ta fi ƙarfin bokis ɗinsa nesa ba kusa ba.

Mai Sibar: A nan kana da gaskiya rabi, Alhaji. Lambar kwali ba ita ce abin da ke isowa kwamfuta ba. Juya taka ka duba ramin kabul ɗin, da yawa daga cikin masu 500 da 600 ramin nasu mega 100 ne iyakarsa, ka ga ɗari shidan ba ta da ƙofar fita. Amma na yarda, in 4G ɗin gidan bai wuce mega 20 ba, CPL mai ba da 30 ko 40 ta wadatar. Damuwata ba gudu ba ce, tsayuwa ce. Mai kiran bidiyo ya fi buƙatar mega 5 da ba ya yankewa a kan 50 mai zuwa yana ɗaukewa.

Ɗan Bagalam: Na gwada kamar yadda Yaya Mai Sibar ya ce. Gab da bokis da safe salula ta ba ni mega 18, da dare 7. A ɗakina salula ta ba ni wajen 5 da safe. Kwamfutar kuwa ko 2 ba ta cika ba, a ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya.

Mai Sibar: Madalla, yanzu muka ga ciwon. Matsala uku ce ba ɗaya ba. Daga 18 zuwa 7, wannan cunkoson reso ne na dare, ba abin da za ka saya a kasuwa ya gyara shi. Daga 18 zuwa 5, bango da nisa ne. Daga 5 zuwa 2 kuwa, laifin kle ɗinka ne da wurin da ka soka ta.

Ɗalibar Jami'a: Wannan na ƙarshen ni ma na sha shi lokacin da nake rubuta memwar ɗina a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yaya, jikin kwamfutar tebur ƙarfe ne. Ka soka kle a baya, ka tura kwamfutar ƙarƙashin tebur ta jingina da bango, ka ga ƴar antenar da ke cikin kle ɗin tana maƙale tsakanin ƙarfe da siminti. Nemi ralonj ɗin USB mai mita ɗaya ko biyu, ka fito da kle ɗin sama, ka rataye ta wajen taga ta fuskanci falon. Kuma in ramukan USB naka akwai masu shuɗin ciki, wato USB 3, nisanta kle ɗin da su da duk wani diski da ke soke a ciki, suna fitar da hayaniyar da ke damun wifi mai aiki a zangon giga hertz 2.4. In kana so ka ga bambanci da idonka, buɗe cmd, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta netsh wlan show interfaces, zai nuna maka ƙarfin sigina cikin ɗari. Duba kafin ka matsar, ka duba bayan ka matsar.

Ɗan Zariya: Ko kuma kawai ya sayi kle mai aiki a zangon giga hertz 5, ta fi gudu.

Ɗalibar Jami'a: Ta fi gudu in kana kusa. Ta bango uku 5 giga ce ke fara mutuwa, 2.4 ta fi ta ratsa gini. Kuma sai in bokis ɗin ma yana fitar da 5 ɗin, ƙananan bokis da yawa 2.4 kaɗai gare su. In zai canza kle, gara mai doguwar antena a waje, ko katin PCIe da ake sakawa cikin kwamfutar mai antena biyu. Wani abu kuma, ya shiga saitin bokis ya duba tashar da wifi ke kai. In maƙwabta duk suna kan tasha ɗaya, ya koma 1 ko 6 ko 11, su ukun ne ba sa hawa kan juna.

Ɗan Zariya: To repiter fa? Ni ita na sa a gidanmu, sanduna sun cika fal.

Mai Sibar: Sanduna sun cika, amma ka gwada gudun? Sandunan suna gaya maka ƙarfin da ke tsakaninka da repiter ne kawai, ba tsakanin repiter da bokis ba. Mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita a kan tasha ɗaya, shi ya sa gudun ke raguwa kusan rabi. Kuma mutane a ɗakin da ba sigina suke kai ta, alhali a tsakiyar hanya ya kamata ta zauna, inda take jin bokis da kyau. A gidan Ɗan Bagalam tsakiyar hanya tsakar gida ce. A ina zai soka ta, jikin bishiyar dogon yaro?

Ni maganata ɗaya ce tun da na buɗe sibar: kwamfutar da ba ta motsi a ja mata kabul. Kabul ɗin reso irin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya rage komi ba, kai mita 30 ma ta ishe ka har da kwana-kwana. Ba ya shan kuran, ba ya zafi, ba ruwansa da wifin maƙwabci.

Maman Biyu: Malam Mai Sibar, faɗi da baki ba wuya. Ku maza kuna fita da safe, mu ke wuni a tsakar gidan. Kabul ya ratsa tsakar gida, ga yara na guje-guje, ga akuya, ga masu shanya. Namu da aka ja a ƙasa ɓera ne ya fara cinye shi ta bayan randa. Da aka ɗaga shi sama kuma ƴan aiki suka mai da shi igiyar shanya. Sai da maigidan ya sa aka zura shi cikin bututun roba irin na masu wuta, aka bi da shi gefen bango da ƴan maƙalai, sannan muka huta. In za a ba yaron nan shawarar kabul a gaya masa da kuɗin bututu, kar ya ja tsirara.

Mai Sibar: Gaskiya ne Hajiya, na karɓa. Rana ma kaɗai ta isa ta farfasa rigar kabul na cikin ɗaki in aka bar shi a fili. Ko dai bututu, ko baƙin nan da aka yi don waje.

Mai Gyaran Kuran: Kuma in ka je saye, ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare silin ɗaya da wuƙa. In ciki ja ne har tsakiya, tagulla ce. In ka kankare jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, shi ke karyewa cikin kan RJ45, wato kan kabul ɗin da ake sokawa a kwamfuta, bayan ƴan watanni ka rasa inda ciwon yake. Kwali zai ce Cat6, wuƙa ce za ta gaya maka gaskiya. Kar kuma a zura shi bututu ɗaya da wayar kuran, a ba su tazara.

Kawu Mai Rediyo: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba masanin kwamfuta ba ne, gyaran rediyo na yi har ido ya gaza. Na ga Malam ya ce abin nan yana aiki daga 2 zuwa 30. To ai nan gajeren zango yake zaune, mita 49 da 31 da 25 da 19 duk a ciki suke. Wayar kuran ta gida ba ta da rufin da ke tsare sigina, sai ta zama antena. Yaro, in Babanka yana kama gajeren zango da asuba kamar yadda tsarana suke yi, ka sa wannan a lissafi, don yana iya jin shuuu a rediyonsa ya rasa daga ina.

Ɗan Bagalam: Wallahi Kawu, Baba yana kamawa, rediyon ma a falon take kusa da bokis ɗin.

Na Ali Ɗan Sofo: Yanzu kuma har rediyo ta shigo? Jama'a ku ji tsoron Allah, ana amfani da abin nan a Faransa gida-gida, ba a ce ya hana kowa sakat ba.

Mai Gyaran Kuran: Alhaji, ba aibata kayanka muke ba. A Faransa priz na da wayar ƙasa, kuma kuran ba ya tafiya sau da yawa. Sababbin CPL masu lamba 1200 zuwa sama da wayar ƙasar nan suke ƙara gudu, mu kuwa gida nawa ne a cikin tsohon gari ke da ita? Bar ma wannan. Wutar Maraɗi yawancinta ta layin Katsina take zuwa, kowa ya tuna yadda aka sha a 2023 da aka yanke ta daga Najeriya, kuma ko ba wannan ba, in bazara ta yi kowa ya san yadda ake rabon wuta. Yaro yana da ondiler, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ba haka ba? An ɗauke kuran, kwamfuta na kunne kan ondiler, bokis ma an sa masa ƙaramin batiri. Mai kabul bai san an yi ba, yana ci gaba da aikinsa. Mai CPL fa? Bango ya mutu, ta mutu. In ka ce bari in soka ta a ondiler, matatar da ke ciki ta shanye siginar. Haka regilater, haka miltipriz mai kariyar tsawa. Dole sai bango kai tsaye, inda ba abin da ke kare ta ranar da kuran ya dawo da ƙarfi.

Na Ali Ɗan Sofo: Ni gidana kan sola yake, in an ɗauke konbertiser, mai juya wutar batiri zuwa ta gida, na ɗauka, CPL ba ta tsayawa.

Mai Gyaran Kuran: Naka babba ne mai tsabtataccen kuran. Ƙananan nan masu araha da fanka ke gurnani in an kunna su, hayaniyarsu ta isa ta kashe haɗin. Caja ta bogi da kwan LED mai araha ma suna yi.

Ɗan Zariya: Duk wannan dogon zance, ya haɗa kuɗi ya sa Starlink mana, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, tunda ta shigo Nijar a 2025.

Mai Sibar: Starlink za ta gyara hanyar farko, wato 7 ɗin dare, in aljihu zai ɗauki kuɗin wata. Amma rutarta ma a wani ɗaki za a ajiye ta, bango ukun suna nan inda suke. Wasu rutocinta ma ba su da ramin kabul sai ka sayi adafta dabam. Tambayar Ɗan Bagalam ba ta canza ba.

Ɗalibar Jami'a: Akwai abin da ba wanda ya tambaya. Me ya sa dole bokis ya zauna a falon? Ba waya ce ta ɗaure shi ba, sim ne a ciki. Yaya, a ina yake ajiye a falon?

Ɗan Bagalam: Cikin kabad ɗin talabijin, ƙasa, bayan dikoda. Baba ba ya son yara su taɓa. Fitar da shi daga falon kam ba zai yiwu ba, shi ke biyan forfe.

Ɗalibar Jami'a: Ba sai ya bar falon ba. A fito da shi daga kabad, a kafa masa ɗan katako sama kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, inda hannun yaro ba ya kai. Ka rage bango ɗaya ke nan, kuma shi kansa zai fi jin antenar kamfani. Shiga shafinsa, na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, in ba shi ba duba takardar da ke manne a ƙarƙashinsa. In yana nuna RSRP, wato ma'aunin ƙarfin siginar 4G, wajen -80 yana da kyau, in ya gangara -105 zuwa -110 ya yi rauni. Zaga da shi taga-taga kana kallon lambar.

Na Ali Ɗan Sofo: To ni ga abin da zan yi, don kar a ce gardama kawai nake. Ɗan Bagalam, zo ka karɓi tawa biyun aro ka gwada a gidanku. In ta yi ka sayi taka, in ba ta yi ba ka maido mini, ba ka yi asarar jika ko ɗaya ba. Ka fara haɗa su a ɗaki ɗaya, ka danna maɓallin kowace don su kulle da makullin sirrinsu, sannan ka kai ɗayar ɗakinka.

Mai Sibar: Allah ya saka da alheri Alhaji, wannan shi ne daidai. Ƙanena, in ka soka kar ka tsaya kan Speedtest kaɗai. Buɗe cmd ka rubuta ping, adireshin bokis, sannan -t, ka bar shi yana gudu kana kallo, zai dinga nuna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je bokis ya dawo. Lambobin su zauna ƙanana kuma kusa da juna. In ka ga suna tsalle zuwa ɗaruruwa ko layi na ɓacewa, leƙa ka ga me aka kunna a gidan a daidai lokacin.

Ɗan Bagalam: Salam, na dawo da rahoto. Na farko, na gode wa ƴar'uwa Ɗaliba. Baba ya yarda an ɗaga bokis sama wajen taga, na sa ralonj na rataye kle a tagata, sigina ta tashi daga 38 zuwa 64 cikin ɗari, gudun safe ya kai wajen mega 9. Na biyu, CPL ɗin Alhaji ta kama, har ta ba ni 15 da safe, na yi murna. Amma ina kallon ping ɗin, sai in ga ya yi tsalle, layi biyu uku su ɓace, sannan ya dawo. Na fita na tsaya ƙofar kicin. Ashe firizar Inna ce ta ƙanƙarar sayarwa, duk sanda injinta ya tashi sai haɗin ya girgiza, ga shi layinmu ɗaya da ita. Rediyon Baba kuma Kawu Mai Rediyo ya yi gaskiya, a wasu tashoshin ana jin ƙara, da na zare na'urar ta ɗauke.

Na Ali Ɗan Sofo: To, a gidanku ba ta dace ba, na yarda da abin da aka gani. Amma 15 ɗin nan a rubuta ta, don mai gidan haya da wayoyinsa ke da kyau kar ya ji tsoron gwadawa.

Mai Gyaran Kuran: An rubuta, Alhaji. Yaro, na ga hoton falon da ka turo mini. Ba sai an huda komi ba. Ramin da wayar parabol ta shigo ta jikin firam ɗin taga zai ɗauki kabul ɗaya, in aka zura shi ba kai, a matse RJ45 ɗin bayan ya wuce. Daga nan bututu ya bi ƙarƙashin indararo ta jikin katanga har zaure. Ka gaya wa Baba ni zan zo da kaina in nuna masa kafin a taɓa komi, tsofaffi sun fi yarda in sun ga hanyar da idonsu. Sharaɗi ɗaya: da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare kabul ɗin daga bokis da kwamfuta duka. Tsawa ba sai ta faɗo kan gidan ba take ƙona ramin reso.

Maman Biyu: A ɗaga bututun sama da inda akuya ke kaiwa in ta miƙe.

Ɗan Bagalam: An gama jiya da la'asar, Baba na tsaye har aka matse kan ƙarshe. Ping yanzu 1 ne ba ya motsi, ko firiza ta tashi ko ba ta tashi ba. Gudun safe 21, tunda bokis ma ya samu wuri mai kyau. An ɗauke wuta da magariba ban ma yanke daga darasi ba. Na mayar wa Alhaji kayansa, Allah ya bar zumunci. Saura dare, har yanzu tsakanin 7 da 8 yake.

Mai Sibar: Wannan na antenar unguwa ne. Abu biyu za ka iya. Ari sim na wani kamfani, cikin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms wanda ba naku ba, ka gwada a salula a daidai wannan lokacin daga wannan tagar, don kowane da inda antenarsa take da yawan mutanen da ke kanta. Sannan ka shiga saitin Windows ka nuna masa haɗin nan na forfe ne mai iyaka, in ba haka ba yanzu da ya samu kabul zai dinga sauke sabuntawa yadda ya ga dama, forfen Baba ya ƙare kafin wata. Juya bokis ɗin kuma ka duba bayansa, akwai wasu ramuka biyu masu murfi na antenar waje? In akwai, turo hoto da lambar RSRP da ta SINR, ma'aunin tsabtar sigina, na dare mu gani ko antenar za ta yi amfani.

Ɗan Bagalam: Akwai su, biyu, ƙarƙashin wani murfin roba. Bari a yi isha'i in ɗauko lambobin.